RA'AYINMU: Hawan duwatsun Maroko a lokacin sanyi ba ya son araha

Da zarar watan Disamba ya kama, sha'awar ganin dusar ƙanƙara takan taso wa ƴan'uwanmu da ke ƙasar Maroko, kama daga ɗalibai da ƴan kasuwa har zuwa masu ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a birnin Fas. Wannan jarida ba ta ga laifin hakan ba, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da muke jan hankali a kansa shi ne, duk wanda ya yi niyyar tunkarar duwatsun Atlas a lokacin sanyi, to ya je da shiri, ya ɗauki jagora mai lasisi, ya kuma biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwauro ba.

Ya kamata jama'a su sani cewa wuraren nan hawa-hawa ne. Mafi sauƙi shi ne garin Ifran, mai nisan kimanin kilomita 60 daga Fas, wanda Faransawa suka gina a 1929 a kan tudu mai tsayin mita 1,665. A nan iyali za su iya yawo cikin daji, yara su yi zamiya a tsaunin Mishlifen da ke kusa, a koma masauki kafin magariba. Na biyu shi ne Ukaimedan, kimanin kilomita 75 daga Marakesh, a tsayin mita 2,600, inda ake wasan zamiya da dogayen katakai a ƙafa. Na uku, wanda ya fi kowanne haɗari, shi ne dutsen Tubkal mai mita 4,167, wanda babu kamarsa a tsayi a duk arewacin Afirka. Ana tashi daga ƙauyen Imlil, a yi tafiyar sa'o'i biyar zuwa shida a ƙasa har masaukin mahaya da ke wajen mita 3,200, a kwana, sannan a kama hanyar ƙololuwa tun kafin asuba.

Kuskuren da mutanenmu ke iya yi shi ne auna wancan sanyi da hunturun gida. Hunturun Yamai ko Damagaram yakan fasa leɓe da ƙafa, amma ba ya daskarar da ruwa a randa. A Ifran kuwa, ranar 11 ga Fabrairu 1935, ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 23.9 ƙasa da sifili, sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a nahiyar Afirka. Bugu da ƙari, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Ke nan wanda ya bar Marakesh da riga mai shara-shara zai iske wata duniya daban a kan dutse.

Ban da sanyi akwai ƙarancin iska. Daga mita 2,500 zuwa sama ciwon tsayi yakan fara kama mutane: ciwon kai, jiri, amai da rashin barci. A mita 4,000, iskar da huhu ke samu a kowane numfashi ba ta wuce kusan kashi 60 cikin 100 na wadda ake samu a bakin teku ba. Wannan ciwo bai san ƙarfi ko ƙuruciya ba, kuma idan ya tsananta maganinsa shi ne a sauko nan take. Sai kuma santsin ƙanƙara, wanda ke buƙatar ƙarafuna masu haƙora a ƙarƙashin takalmi da ɗan gatarin dogarawa, ga kuma zaftarewar dusa bayan ta zuba da yawa. Jagora ne ya san ranar da za a hau da ranar da za a haƙura, kuma shi ne zai ce a juya ko da ƙololuwa tana gaban ido.

Tun bayan kisan gillar da aka yi wa wasu mata biyu masu yawon buɗe ido, ƴar Denmak da ƴar Norwe, kusa da Imlil a watan Disamba 2018, hukumomin Maroko suka wajabta ɗaukar jagora ga duk mai hawan Tubkal. Wasu na kukan cewa wannan ƙarin kuɗi ne a kan ɗalibin da ke lallaɓa ɗan tallafin karatunsa. Mun fahimci kukan, amma ba mu karɓe shi a matsayin hujja ba. Mutum huɗu ko biyar na iya haɗa kuɗi su ɗauki jagora guda. Wanda kuma aljihunsa bai kai ba, Ifran ta ishe shi kallo, dutsen yana nan har baɗi.

Akwai kuma batun adalci. Girgizar ƙasar ranar 8 ga Satumba 2023 a yankin Al Hawuz ta halaka mutane kusan 3,000, ta rusa ƙauyuka da dama a cikin waɗannan duwatsu. Mazauna wurin, waɗanda akasarinsu Amazigawa ne, dangin Abzinawanmu ta fuskar harshe, da yawansu da aikin jagora, hayar alfadarai, dakon kaya da saukar baƙi suke ciyar da iyali. Baƙon da ya matse ladan mai alfadari don ya rage ƴan dirhami, ya sani daga bakin wani gida ya cire su.

Saboda haka muna kira ga kamfanonin shirya tafiye-tafiye da ke haɗa ziyarar Fas da yawon duwatsu su riƙa faɗa wa mutane gaskiya. Dusar ƙanƙara ba ta da tabbas, domin shekarun fari da Maroko ta sha a jere sun sa an yi lokutan sanyin da Ukaimedan ta kasance kusan fayau, don haka kada a sayar wa mutum alkawarin abin da ba a da iko da shi. A rubuta masa a fili ko kuɗin da ya biya ya haɗa da jagora, kayan sanyi da inshorar da ta shafi hawan dutse. Ƙungiyoyin ɗalibanmu a Rabat, Fas da Marakesh su ma su riƙa wayar da kan sababbin zuwa kafin hutun ƙarshen shekara, su kuma tabbatar duk ayarin da zai fita ya bar sunaye da ranar dawowa a hannun wani.

Iyaye kuma, idan ɗa ya bugo waya yana neman kuɗin zuwa ganin ƙanƙara, a tambaye shi wane dutse ne, da wa za shi, kuma wane ne jagoransu. Idan amsoshin sun gamsar, a cika masa kuɗin yadda ba zai nemi yanke ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.