Mace Ta Gari Ba Hoton Bango Ba Ce

Yau da kanmu za mu yi faɗa.

Ɗauki littattafanmu goma, ka duba yadda muke zana mace mai tsoron Allah. Fara ce, muryarta ƙasa-ƙasa, kishiya ta zage ta ta yi murmushi, miji ya wulaƙanta ta ta shige ɗaki da carbi. Ba ta fushi, ba ta tsoro, ba ta da ra'ayi. Wannan muke kira girmamawa, alhali raba ta muka yi da ɗan'adamtakarta.

Ba mu muka fara wannan kuskure ba. Masu zanen coci a Turai sun daɗe suna yi wa matan da Kiristoci ke ɗauka waliyyai haka: fuska a natse, da'irar haske a ka, sai wata alama a hannu don a gane ko wace ce. Amma tarihinsu ya fi zanen nauyi. Farfetuwa, wadda aka kashe a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, a shekarar 203, tana da kimanin shekara 22 da jariri a nono. Labarin zamanta a kurkuku, wanda ake jingina rubutunsa gare ta, bai ɓoye tsoron duhu da zafin cunkoso ba, da damuwarta kan ɗanta, da tausayin mahaifinta da ke roƙon ta janye. Filisiti, baiwar da aka kashe su tare, a kurkukun ta haihu. Haka Josefin Bakita, 'yar Darfur da aka sace tana yarinya, aka yi ta sayarwa har ta manta sunan yankanta. An yi mata tsaga 114 a jiki aka cusa gishiri. Ta rasu a Italiya a 1947, aka ayyana ta waliyyiya a 2000. Hotonta da ya yaɗu, fuska ce mai sanyi cikin baƙin tufafi, tabon yana ƙarƙashin riga.

Wani zai ce, me ya haɗa mu da su? Ai darasin rubutu ba ya tambayar addini. Kuma a gida muna da misali. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793-1864) ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajis suna kai karatu ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima marsiyya, ta yabe ta da aikin da ido ke gani, irin su zumunci. Ita ta rubuta mata da ayyukansu, mu kuwa mun tsaya a "mai haƙuri".

Ba cewa muke a ƙaga wa bayin Allah aibu ba. Cewa muke haƙurin da ba a nuna abin da ya ci wa mai shi ba, ba ya koyar da kowa. Yarinya a nan Mainika da ke karanta mu a wayar yayarta, idan ta ga salihai ba sa jin zafi, sai ta ɗauka nata zafin raunin imani ne, ta yi shiru a inda ya kamata ta yi magana.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya nemi tsohuwar da ake girmamawa a unguwarsu, malamar Islamiyya ko ungozoma, ya zauna da ita, ya tambaye ta ranar da haƙurinta ya kusa ƙarewa. Daga nan za mu fara rubutu.

Muna jiran ra'ayoyinku, har da na masu ja.