Idan titin na kamfani ne, kamfani ya sayi hanya

Duk ɗalibin da ke fita bayan gari, ta titin Zariya ko na Gwarzo ko na Maiduguri, ya san yadda Kano ke cinye gonaki. Inda a da ake noma gero da dawa, yau allon kamfani ne a kafe, an zana gidaje masu jan rufi, an rubuta cewa za a iya biya kaɗan-kaɗan. Filin yakan kasance can ciki, nesa da kwalta, domin can ne ƙasa take da araha. Tsakaninsa da babban titi kuma akwai gonakin mutane da gidajen awon igiya. Wanda zai zuba miliyoyi ya sayi fuloti ba zai yarda ya riƙa ratsa lungu da motarsa ba, don haka dole a fitar da titi. Wa zai ba da ƙasar da titin zai bi, kuma a kan nawa?

Ra'ayina shi ne, idan babban amfanin titi shi ne ya kai mutane ƙofar rukunin gidajen da wani kamfani zai sayar ya ci riba, to kamfanin ya sa hannu a aljihu ya sayi hanyar a farashin kasuwa. Bai kamata gwamnati ta ara masa ikonta na karɓe ƙasa don ya samu sauƙin ciniki ba.

Ikon nan dai yana nan a doka, ba ƙirƙira ba ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa a mulkin soja na Obasanjo, ta ɗora dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Mu nan Arewa ma abin ba sabo ba ne, tun dokar Turawa ta 1910 da ta Jihar Arewa ta 1962 haka tsarin yake tafiya. Abin da kake da shi a gonarka ko gidanka izinin zama ne da amfani, kuma sashe na 28 ya ba gwamna damar soke wannan izini idan maslahar jama'a ta buƙaci haka. Ba ni da ja da wannan. Ba don shi ba, da babu gada, babu asibiti, da wataƙila makarantar nan da muke ciki ma ba ta samu wurin zama ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne ma'anar "maslahar jama'a". Sashe na 51 ya buɗe ƙofar da faɗi sosai: ya haɗa da shimfiɗa sababbin unguwanni, da bunƙasa tattalin arziki, har da ƙasar da ke maƙwabtaka da titin da za a gina. Da irin wannan faɗi, lauya mai wayo zai iya sa wa kowane titi rigar jama'a. Ai kowa zai iya binsa, in ji shi. To amma ku je ku duba. Titi ne da ya tashi daga kwalta, ya miƙe ɗoɗar, ya ƙare a get mai maigadi. Bayan get ɗin babu kasuwa, babu makarantar gwamnati, babu ƙauyen da ya huce zuwa gare shi. Mai gonar da aka ratsa, idan ya zo wucewa da amalankensa, sai an tambaye shi wurin wa ya zo.

Sai batun diyya, wanda 'yan sashen kula da kadarori suka fi mu sani, tunda shi suke haddacewa kafin jarrabawa. Sashe na 29 bai ce a biya ka kuɗin ƙasarka ba. Abin da ya ce a biya shi ne abin da ka ɗora a kanta: gini, rijiya, katanga, bishiyoyi, amfanin gona. Ginin ma kuɗin sake yin irinsa za a lissafa, sannan a cire tsufan da ya yi. Ita ƙasar kanta, abin da ke kanta shi ne kuɗin hayar da ka biya gwamnati a shekarar da aka soke izinin, idan ma ka biya. Manomin da ya gaji gona daga kakansa, bai taɓa riƙe takardar shaidar mallaka ba, wace haya ya biya? Idan aka zo auna gonar da rani, bayan an girbe, sai a ƙirga mangwaro biyu da ɗorawa ɗaya, a ce masa ga haƙƙinsa.

Mu ɗan yi lissafi, ba sai da kwamfuta ba. A ce titin yana da faɗin mita 30 da tsawon kilomita 2. Murabba'in mita 60,000 ke nan, wato hekta 6. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 bai kai murabba'in mita 470 ba, don haka ƙasar da titin ya cinye ta haura fuloti 120. Tambayi kowane dillali nawa fuloti yake a wannan yanki, ka ninka sau 120. Wannan shi ne kuɗin da kamfanin zai kashe idan shi ya zauna da masu gonaki ya yi ciniki. Idan kuma gwamnati ce ta karɓa da sunan maslahar jama'a, kuɗin mangwaro kawai za a biya, kuma daga baitulmali. Bambancin da ke tsakani bai ɓace a iska ba. Ya tashi daga aljihun manomi ya koma cikin farashin fulotan da ke bayan get, waɗanda darajarsu ke tashi ranar da katafila ta fara aiki. Shi ya sa nake kiran abin tallafi, kuma talaka ne yake ba da shi ba tare da an tambaye shi ba.

Akwai ma asarar da babu ita a takardar ƙiyasi. Gonar da titi ya raba biyu ya bar wani ɗan ƙyalle a gefe, wanda bai isa noma ba bai isa gini ba. Mai shagon da ke haya. Da mu kanmu: ɗalibai nawa ne ke zaune a ɗakunan haya na irin waɗannan unguwanni saboda hostel bai ishe mu ba? Ran da aka shafa jan fenti a bango, mai gida zai bi layin diyya, ɗan haya kuwa ya kwashe katifarsa da risho a tsakiyar zangon karatu, kuɗin shekarar da ya biya sai yadda mai gida ya ga dama.

Na san abin da masu ɗaya ra'ayin za su ce, kuma ba shirme suke faɗa ba. Gari yana buƙatar gidaje. Unguwa mai tsari ta fi awon igiya, inda idan gobara ta tashi motar kashe wuta ba ta da ta inda za ta shiga, kuma ruwan damina ba shi da hanyar fita. Sannan idan aka ce sai kowa ya yarda, mutum ɗaya zai iya kafewa a tsakiya ya ce sai an ba shi kuɗin gona goma, ko wani mai ido da kwalli ya ji labarin titin tun yana kan takarda ya riga kowa saye wurin. Duk gaskiya ne. Amma maganin mutum ɗaya mai taurin kai bai kai a murƙushe mutum arba'in da ke shirye su sayar idan an taya da mutunci ba.

Kotunanmu ma ba su sakar wa gwamna mara gaba ɗaya ba. A shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance, a 1991, Kotun Ƙoli ta nuna cewa karɓe ƙasa daga hannun wani don a miƙa wa wani mai zaman kansa ba maslahar jama'a ba ce, kuma dole a sanar da mai ƙasa yadda doka ta tsara. Sai dai titi ya fi wannan santsi, domin a takarda yana nan da sunan gwamnati ko da kamfani ne kaɗai ke morarsa. A Amurka an taɓa irin wannan dambarwa. A 2005 Kotun Ƙolinsu, da rinjayen alƙali 5 a kan 4, ta yarje wa birnin New London ya karɓe gidajen mutane, har da na wata mata mai suna Kelo, don wani shirin raya gari da aka ɗora a kan zuwan kamfanin magani na Pfizer. A 2009 kamfanin ya ce zai bar garin, filin ya shekara da shekaru babu gini. Jihohi fiye da 40 suka gyara dokokinsu bayan hukuncin. Su fa can kuɗin kasuwa ake biya, duk da haka mutane suka ce ba su yarda ba. Ina ga mu da ake biyan kuɗin bishiya?

Abin da nake so hukumomin tsara birni irin su KNUPDA su mayar ƙa'ida a rubuce ba shi da wuya. Kada a sa wa kamfani hannu a taswirar rukunin gidaje sai ya nuna hanyar shiga da ya mallaka da kuɗinsa. Idan ya saye mafi yawan hanyar, wasu 'yan kaɗan suka maƙale, to gwamnati na iya shigowa, amma da sharaɗi: titin ya zarce ya haɗe da wata unguwa ko ƙauye, babu get a kansa, kamfanin ne zai biya, a farashin da ya biya maƙwabtansu, kuma kuɗi ya shiga hannu kafin katafila ta iso. Mu Kanawa mun san kashe-mu-raba, inda idan aka yanka gonaki ake ba masu su wani kaso na fulotai. Me zai hana wanda titi ya cinye gonarsa ya samu fuloti a cikin rukunin da titin ya raya? Ƙasarsa ce ta ba wurin daraja.

Babban gyaran kuma shi ne a riga gari isa. Da hukuma na fitar da layin manyan tituna tun wurin yana daji, ta kafa duwatsu, ta biya, ta hana gini a kai, da ba a kai ga rusau ba. Abin da ake yi shi ne a zuba ido dillalai su yanka da igiya, mutane su gina, a kai musu wuta, a karɓi haraji, sai bayan shekara goma a tuna cewa nan titi ya kamata ya bi.

'Yan uwa na sashen safiyo da tsara birane da kula da kadarori, nan da 'yan shekaru ku ne za ku riƙe na'urar awo, ku ne za ku cike takardar ƙiyasi. Layin titi a kan taswira yakan iya gocewa mita 20 ya tsallake gidaje goma, kuma sau da yawa mai zanen ne kaɗai ya san haka. Sauranmu kuma, idan jan fenti ya bayyana a gidan iyayenku, ku fara da neman takardar sanarwa. Sashe na 28 ya ce sai jami'in da gwamna ya ba izini ya sa mata hannu kuma an miƙa wa mai wurin, fenti a bango bai wadatar ba. Ku ɗauki hoton komai kafin masu awo su zo, ku ƙirga bishiyoyi da kanku, kada dattijo ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Dokar 1978 ta ce rigimar yawan diyya kwamitin rabon ƙasa za a kai wa, amma sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ce a biya diyya ba da jinkiri ba, kuma ya ba mai ƙasa damar zuwa kotu a kan adadinta.