Kafin A Sa Hannu A Kwangilar Injuna

Da yawa daga cikin injunan da ke tura ruwan famfo ko niƙa alkama a yau ƙananan na'urori ne ke ba su umurni, na'urorin kuwa suna zance da juna ta waya, bit ɗaya bayan ɗaya, kamar tururuwa a layi. Abin tambaya shi ne, yaya mai sauraro zai gane inda saƙo ya fara da inda ya ƙare?

Kamfanin Modicon na Amurka ya ba da amsa a 1979 da tsarin Modbus. A salonsa na RTU, kowane ƙunshin saƙo yana farawa da bayit ɗaya na adireshi, daga 1 zuwa 247, sai bayit ɗaya na umurni, sa'an nan bayanai, daga ƙarshe bayit biyu na lissafin tantancewa, duka kada su wuce bayit 256. Iyakar saƙon kuwa shiru ne kawai, na tsawon haruffa uku da rabi, watau kimanin kashi 4 cikin 1000 na daƙiƙa idan ana aika bit 9600 a daƙiƙa. Shirun ya gaza, sai saƙo biyu su manne, lissafi ya ƙi fita, na'ura ta yi watsi da su, ta kame bakinta. Sau da yawa abin da ake kira lalacewar inji bai wuce wannan ba. Salon ASCII shi kuma yana buɗe saƙo da alamar ruwa biyu, ya fi saukin karantawa, amma ya fi nawa.

A ganina babbar darajar Modbus ita ce ba a ɓoye ƙa'idojinsa ba, tun 2004 ma ƙungiya mai zaman kanta ke riƙe da shi. Lalle yana da aibu, domin ba ya tambayar wanda ya aiko umurni, duk wanda ya sami waya an bi shi. Amma aibin da aka sani ana iya tsare shi. Tsarin da kamfani ya kulle kuwa, ko ƙaramar tangarda sai an ɗauko ƙwararre daga waje da kuɗin jama'a.

Saboda haka ma'aikacin da aka miƙa wa takardar sayen irin waɗannan na'urori ya nemi a rubuta masa a ciki wane tsari suke bi, a kuma haɗa da cikakken bayanin ƙunshin saƙonsu da jerin adireshin ma'ajiyarsu, tun kafin a biya kashin farko.