Faifai Ɗaya Mai Gudu, Ko Biyu A Haɗe?

A wannan mako filin namu zai duba wata gardama da ta daɗe tsakanin samari ma'abota wasannin kwamfuta. Watau in mutum ya tara 'yan kuɗinsa zai harhaɗa na'ura, shin faifan ajiya guda ɗaya mai gudu ya kamata ya saya, ko kuwa biyu matsakaita ya gama su su yi aiki tare? Maganar ba ƙarama ba ce, gama kuɗi ne za su fita, kuma abin da mutum ya shekara yana tarawa a cikin na'urarsa yana iya salwanta dare ɗaya.

Da farko sai mu san yadda faifan yake aiki. Tun da kamfanin IBM ya fito da shi a 1956, tsarinsa bai sake ba ƙwarai. Faranti ne yake juyawa kamar na garmaho, ga kuma wani ɗan hannu da yake kai da kawowa a samansa yana karanta abin da aka rubuta. Faifan da aka saba sa wa kwamfutar tebur yana juyawa sau 7,200 a minti ɗaya. A 2003 kamfanin Western Digital ya fito da wani mai suna Raptor, wanda yake juyawa sau 10,000, ko da yake gigabayit 36 kaɗai yake ɗauka. Amfanin wannan gudu shi ne rage jira. A faifai na farko, kafin wurin da ake nema ya juyo ya iso ƙarƙashin hannun, akan jira kamar kashi 4 cikin 1,000 na daƙiƙa, a na biyu kuwa kashi 3.

Ɗaya hanyar ita ce wadda ake kira RAID 0. Sunan RAID ya bazu ne daga wata takarda da masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli suka rubuta a 1988. A wannan tsari, kwamfuta takan yanka kowane fayil gunduwa-gunduwa, galibi kilobayit 64 ko 128, ta ajiye gunduwa ta farko a faifai na ɗaya, ta biyu a faifai na biyu, haka dai bi da bi. In an tashi karantawa, sai faya-fayan biyu su miƙo nasu rabon a lokaci guda.

To, wanne ya fi? Masu goyon bayan haɗi sukan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma lalle akwai inda maganarsu ta yi daidai. In buhunan gyaɗa ne jibge wuri ɗaya za a loda a mota, 'yan dako biyu sun fi ɗaya saurin gamawa. Haka yake in ana kwafar wani babban fayil na fim, gudun yakan kusa ninkawa. Amma a ce tsaraba ce iri-iri za a tsinto, wannan a layin 'yan koli, waccan a rumfar masu goro, kuma tilas 'yan dakon biyu su tafi tare ko'ina, ai yawansu bai rage nisan tafiya ba. A nan mai sauƙin ƙafa shi ne gwani. Wasan kwamfuta kuwa yawancin karatunsa irin na biyun ne, ɗan hoto a nan, ɗan sauti a can. Bayan wannan, in an karanto su sai ƙwaƙwalwar kwamfutar ta warware su, wannan kuwa ba aikin faifai ba ne. Shi ya sa a RAID 0 lokacin jiran buɗewar wasa ba ya raguwa sai ɗan kaɗan. Yawan hotunan da suke bayyana a allo cikin daƙiƙa, wanda shi ne daɗin wasan, katin hoto da ƙwaƙwalwa suke yanke shi, faifai ba ya ƙara masa kome.

Sai kuma batun hasara. RAID 0 ba ya ajiye kwafi. Tun da kowane faifai rabi kawai yake riƙe da shi, in ɗaya ya mutu, na ɗayan ya zama banza, kamar littafin da aka yage masa shafi bayan shafi. A misali, a ce cikin faya-fayai 100 guda 5 suke lalacewa a shekara, to wanda ya haɗa biyu haɗarinsa ya kusa kai 10 cikin 100. Ga shi kuwa a ƙasar nan ana ɗauke wuta ba sallama, sa'an nan da yawa daga faya-fayan da suke kasuwa kwance ne, sun riga sun sha aiki a ƙetare. Wasa kamar Red Dead Redemption 2 yana bukatar wurin gigabayit 150. Mai karatu ya auna kuɗin data da kwanakin da za a ci kafin a sāke sauko da irinsa, balle hotunan iyali da takardun makaranta waɗanda ba su da madadi.

A yau ma zamani ya riga ya raba gardamar, saboda zuwan ma'ajiyar SSD, wadda ba ta da faranti ko hannu, saboda haka babu jiran juyawa. Faifai mai juyawa yakan karanta megabayit 150 zuwa 200 a daƙiƙa, SSD na yau da kullum kimanin 550, irin NVMe kuwa daga 3,500 har 7,000 ko fiye. Na'urar PlayStation 5 da ta fito a 2020 da SSD ta zo, kuma wasan Starfield na 2023 ya sa shi cikin sharuɗɗansa. Ashe ko Raptor biyu aka haɗa, ba za su ga ƙurar SSD guda ba.

Shawararmu ita ce, mai son wasa ya sayi SSD ɗaya mai kyau ya zuba wasanninsa a ciki. In kuɗi sun ragu, ya nemi babban faifai mai juyawa ya riƙa ajiye kwafin muhimman abubuwansa, kana ya tanadi na'urar UPS saboda ɗaukewar wuta. RAID 0 kuwa a bar wa masu tace fina-finai, waɗanda manyan fayiloli suke ja, su ma sai in suna da kwafi a wani wuri. Rigakafi dai ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.