Taro kan yara, babu uwa ko ɗaya a zauren

Yau maganar ba daɗi gare ta ba.

Kowace komin, daga Korgom da Urafan zuwa Kanambakashe da Isawan, tana da kundin PDC, tsarin raya gari. A ciki akwai lakwal, likita, ruwan sha, aikin samari. To, wa ya zauna aka rubuta shi? Masu porje su zo da mota, a yi atiliye kwana uku, a karɓi kuɗin zama, a watse. Kundin da Faransanci, yana can cikin almari.

Tun 2006 gwamnati ta ce maganin yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne. A Disamba 2017 aka sa hannu kan dokar kare 'ya mace a lakwal har shekara 16. Je ka ƙauye ka tambayi uwar da aka rubuta ma takardar sayen magani, ko yarinyar da aka cire daga aji aka ɗaura ma aure. Wa ya taɓa karanta masu wannan?

Tun Afrilun 2024 da aka rushe majalisun komin, babu konseye da za mu tare a kasuwa mu tambaya.

Buƙata ɗaya ce: a fassara tsarin da Hausa, a karanta shi a rediyo, da kuɗinsa da ranar cika alkawari. A zaunar da iyaye mata, malaman allo, 'yan COGES da samarin fada. Makirfo namu a buɗe yake, ya ku shugabannin Tasawa da Mayahi. Wa zai fara zuwa?