Kimiyya a Gareji: Idan Gaskit Ya Ƙone

A wannan makon za mu ajiye alli mu ɗauki sifana. Duk wanda ya taɓa raka babansa ko yayansa wajen bakanike ya san akwai maganar da ke sa mai mota ya dafe kai: "Alhaji, ai gaskit ne ya ƙone." Abin da ya ƙone ɗin wani siririn faifai ne da bai fi kwali kauri ba, amma kafin a kai gare shi sai an kwance kusan rabin inji. Za mu bi aikin daki-daki a kan wata tsohuwar motar gudu da ta yi suna da wannan ciwo, wato Toyota Supra da aka ƙera a Japan daga 1986 zuwa farkon shekarun 1990.

Mene ne aikin gaskit?

Injin mota gida biyu ne. Akwai gangar jiki a ƙasa, wadda kanikawa ke kira bulok, inda fistin ke hawa da sauka cikin silinda. Akwai kuma kai a sama, wanda suke kira tof, inda bawul da fulogi suke. Tsakanin waɗannan biyun ake shimfiɗa gaskit, a ɗaure da dogayen kusoshi.

Abubuwa uku ne ke ratsa wannan mahaɗa, kuma ba a so ko ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa: wutar fetur da ke ci cikin silinda, wadda zafinta kan haura digiri 2,000, ruwan da ke zagayawa yana sanyaya inji, da baƙin mai da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Gaskit ne katangar da ta raba su. Ranar da katangar ta tsage, maƙwabta sun shiga gidan juna.

Me ya sa Supra?

Injin wannan mota, mai suna 7M, yana da silinda shida a jere, girmansa lita uku. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ne na zubi, kansa kuwa alminiyam ne, irin wanda ake zuba tukwane da shi. A nan darasin fizis na aji huɗu ya shigo. Kun tuna cewa ƙarfe na miƙewa idan ya ji zafi, kuma kowane ƙarfe da nasa gwargwado. Alminiyam na ƙaruwa da kusan 0.000023 na tsawonsa a kowane digiri ɗaya, baƙin ƙarfe kuwa kusan 0.000011.

Mu ɗauki kai da ganga masu tsawon milimita 600, zafinsu ya tashi daga digiri 20 zuwa 90. Alminiyam zai ƙaru da 600 × 0.000023 × 70, wato kusan milimita 0.97. Baƙin ƙarfe zai ƙaru da kusan 0.46. Bambancin ya kai rabin milimita. Ke nan duk lokacin da aka tada mota ta yi zafi, kai na goga gaskit ta gefe guda, idan ta huce ya ja shi ya dawo. Ku lissafa sau nawa hakan zai faru cikin shekara talatin.

Abin da ke riƙe gaskit ya jure wannan gugar shi ne matsin kusoshi. Injin 7M na da kusoshin kai 14, kuma littafin gyaran motar ya ce a ɗaure su da ƙarfin niyutin-mita 78. Masu irin wannan mota da kanikawansu sun daɗe suna ganin awon ya yi kaɗan, shi ya sa da yawansu ke ɗaurewa har kusan 98. Bambancin lamba ashirin a bakin sifana, sai ga shi ya zama tambarin mota guda.

Yadda ake gane ya ƙone

Mota ba ta ɓoye ciwonta. Idan ruwa na shiga silinda, za a ga farin hayaƙi mai kauri na fita ta salansa ko bayan inji ya ɗumama, ruwan lagireto na raguwa alhali babu ɗigo a ƙasa. Idan ruwa ya haɗu da baƙin mai, sai man ya koma kamar shayi da madara, a gan shi a jikin murfin zuba mai. Idan kuma iskar ƙuna ce ke kutsawa cikin ruwa, za a ga kumfa na tasowa, allurar zafi na hawa. Bakanike mai lura ba ya tsayawa nan. Yakan auna matsin kowace silinda, ko ya yi gwaji da wani shuɗin ruwa da ke rikiɗewa rawaya idan ya haɗu da iskar ƙuna a bakin lagireto.

Mai motar da ya ce zai lallaɓa ya ci gaba da tafiya yana neman babbar asara. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan ya taru cikin silinda fistin ya taso da ƙarfi, sandar fistin na iya lanƙwashewa, daga nan maganar ta tashi daga sayen gaskit ta koma sayen inji.

Ga gargaɗin da muke so kowa ya riƙe ko da ya manta sauran: kada a taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan ciki a matse yake, shi ya sa yake iya kai digiri 120 bai tafasa ba. Da an sassauta murfin, matsin ya tafi, ruwan ya tafasa nan take ya feso a fuska. Haka kuma ruwan sanyaya inji mai launi guba ne, duk da ƙamshinsa mai daɗi. A nisanta shi da ƙanne da dabbobin gida.

Aikin gyara

Sai inji ya huce sarai ake farawa. A cire kan batir, a tsiyaye ruwa da mai. Kafin a zare kowace waya ko tiyo, a maƙala mata takarda da lamba, a kuma ɗauki hoto da wayar hannu, domin abin da ka kwance yau da sauƙi zai rikita ka bayan kwana uku. A daidaita alamomin taimin kafin a cire bel, sannan a sauke bututun shigar iska da na fitar hayaƙi.

Kusoshin kai ba a kwance su yadda aka ga dama. Daga gefe ake farawa a nufo tsakiya, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, don kada kan ya murɗe. Bayan an ɗaga shi, a kankare ragowar tsohon gaskit a hankali, saboda alminiyam na da laushi, ƙaramin karce zai iya zama hanyar yoyo.

Yanzu aka zo wurin da ake bambance gwani da mai gaggawa. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar kan, a gwada zura siraran ƙarafan auna rata a ƙarƙashinsa. A yawancin injina lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato kusan kaurin takardar littafinku. Ido ba ya ganin wannan. Idan ta wuce, sai a kai kan wajen masu injin gogewa su daidaita fuskar, su kuma duba ko ya tsage. Wanda ya ɗora sabon gaskit a kan lanƙwasasshen kai ya zuba ruwa a kwando. Wasu masu Supra kan sa gaskit na ƙarfe don ya fi ƙarko, amma shi sai fuskar kai da ta ganga duka sun yi sumul kafin ya kama.

Wajen haɗawa, a share ramukan kusoshi tas, domin ruwa ko datti a ciki na sa sifana ta yi ƙarya. A ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da sifana mai awo. Ƙarfin damtse ba ma'auni ba ne: na maigida daban, na yaronsa daban, na safe daban, na yamma daban.

Saura tambaya mafi muhimmanci: me ya ƙona na farkon? Sau da yawa zafi ne, daga toshewar lagireto, ko mutuwar fanka, ko famfon ruwa da ya gaji. Idan ba a gano ba, sabon ma zai bi sahu. A ƙarshe a zuba sabon mai, a cika ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale a hanyoyinsa.

Abin da ya shafe mu

Ba lallai ku taɓa ganin Supra a unguwarku ba, amma dokar ɗaya ce a motar gidanku da bas ɗin makaranta. A garejinmu akwai ɗabi'u biyu da ke rage wa gaskit kwana. Ta farko, zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, wanda ke kawo tsatsa da toshewa. Ta biyu, cire tamostat a jefar, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat ne ke sa inji ya ɗumama da wuri ya tsaya a zafin da aka tsara masa. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Masu sha'awar wannan fanni, maza da mata, ku sani kanikancin mota darasi ne da ake rubutawa a NABTEB, kuma bakaniken da ya iya lissafi ya fi wanda ke aiki da zato nesa ba kusa ba.

Aikin gida: Kan inji na alminiyam mai tsawon milimita 500 yana zaune a kan ganga ta baƙin ƙarfe mai tsawo ɗaya. Inji ya wuce ƙima, zafi ya tashi daga digiri 30 zuwa 130. Da milimita nawa kan zai fi gangar miƙewa? Ku gwada, ku nuna wa malamin fizis, amsa na nan tafe mako mai zuwa.