Ƙaramin garken taurari da namu yake haɗiyewa

A daren damana, in hadari ya kau, manomin Jiratawa ko na Tibiri da ya dubi kudu zai ga farin zanen nan mai kama da hayaƙi ya ratsa sama. Cikin Maraɗi kuwa fitilu sun dusashe shi. Zanen shi ne babban garken taurarin da rana take ciki.

Bayan inda ya fi kauri, wani ƙaramin garke ya ɓuya, Sajitar, wanda ido ba ya gani. Sai a 1994 masana uku na Kambirij a Ingila, Ibata, Gilmore da Irwin, suka gano shi. Suna awon gudun taurari ne, suka tarar da wasu na tafiya tare, gudunsu ya saɓa wa na sauran. Haskensa kan yi kusan shekara 80.000 kafin ya iso nan.

Abin mamaki, Bafaranshe Charles Messier ya hango dunƙulen da ke tsakiyarsa tun 1778, aka yi ta lissafa shi cikin namu har shekara 216. Babban garken yana jan sa yana yayyagawa. Taurarin da ya zubar sun zama doguwar igiya mai kewaye da namu.